Tarihin Moda: Daga Dajin Ƙasarmu Zuwa Tukunyar Falo

  

Yau tarihin wata 'yar shuka nake so mu duba tare. Duk wanda yake shiga banki ko otal ko ofis a Legas ko Ibadan ya san ta ko da bai san sunanta ba. Ganyenta mai kauri ne, tsaye kamar takobi, jikinsa da zane-zane kamar fatar maciji, wata kuma gefen ganyenta da ratsin ruwan ɗorawa. Akwai doguwa da ake ajiyewa a bakin ƙofa, akwai kuma 'yar ƙarama wadda tsawonta bai wuce taƙi ɗaya ba, ganyenta a naɗe kamar sheƙar tsuntsu, ana ɗora ta a kan tebur ko bakin taga. Masu sayar da fulawa a bakin titi sukan ce maka irin ƙasar waje ce, su tsuga kuɗi. To, maganarsu rabi gaskiya ce. Ita 'yar ƙaramar a Amurka aka fara samunta, amma kakarta 'yar ƙasar nan ce, kuma tana da suna da Hausa tun kafin Bature ya san da ita.

SUNANTA DA ASALINTA

Moda ake ce mata. Kada a haɗa ta da moɗar shan ruwa da ake ajiyewa a kan randa, wannan daban wancan daban. Wani likita Bature ɗan Sikotilan mai suna J. M. Dalziel, wanda ya yi aikin asibiti a Arewa a farkon mulkin Turawa, ya tattara sunayen itatuwa da ciyayi na Hausa ya buga su a littafi a 1916, shekarar da aka kafa unguwar Sabo a Ibadan. A cikin littafin ya kawo moda, ya bayyana ta da cewa shuka ce marar kara mai dogon ganye mai dabbare-dabbare, ana samun zare mai amfani daga gare ta, kuma ana haɗa magani da saiwarta da ganyenta.

Maƙwabtanmu ma suna da nasu sunayen. Yarbawa suna ce mata oja ikooko, wato majanyin kura, abin da kura za ta ɗaure goyonta da shi. Ibo suna ce mata ebube agu, wato kwarjinin damisa. Turawan Ingila kuwa, saboda tsawon ganyen da tsininsa, suka laƙaba mata sunan da ke nufin harshen suruka, wasu kuma shukar maciji. Kun ga kowa da abin da ya hango a jikin ganye ɗaya.

Moda iri-iri ce. Wadda aka fi gani a dazuzzukan Afirka ta Yamma, ƙarƙashin inuwar itatuwa da gefen suri da tsakanin duwatsu, ganyenta ya fi faɗi. Ita kuwa wadda ta cika duniya a cikin tukwane, masana sun nuna asalinta daga kudancin Nijeriya ne zuwa Kamaru da Gabon har Kwango. Wato nan ɗin da muke zaune, nan ne gidanta.

ZAMANIN IGIYA

Kafin moda ta zama abin ado, abin aiki ce. Sai mu tuna cewa a da babu igiyar roba, babu leda. Bafatake ba ya motsi sai da igiya, domin da ita ake ɗaure kaya a bayan jaki, da ita ake ɗaure huhun goro, da ita ake jan saniya, da ita ake jawo guga daga rijiya. Mahaifina ɗan goro ne, kuma har yau idan dattawan shagonsu suna hirar da, sai ka ji ana yabon mutum da cewa ɗaurinsa ba ya kwancewa tun daga Kurmi har Kano. Igiyar wancan zamani daga daji da gona take fitowa: rama, da kaba, da ɓawon kuka, da kuma moda.

Yadda ake fitar da zarenta ba wuya, sai dai haƙuri. Ana yanko manyan ganye, a bubbuge su a kan itace, ko a jiƙa su cikin ruwa kwanaki har naman ganyen ya ruɓe, sannan a kankare da wuƙa marar kaifi. Abin da ya rage shi ne fararen zaruruwa dogaye masu santsi. A wanke, a shanya, sannan a zauna tufka. Zaren moda yana da ƙarfi da laushi, shi ya sa a wurare da dama na Afirka da Indiya da shi ake yin tsirkiyar baka da tarun kamun kifi da igiyar tarko. Wannan aiki na tsirkiya shi ya sa a tsofaffin littattafan Turawa sunanta yake nufin ramar tsirkiya.

Ta kuma shiga al'adun mutane. A ƙasar Yarbawa wasu suna danganta ta da Ogun, kuma bayin da aka kwashe daga wannan gaɓar teku zuwa Barazil sun tafi da wannan fahimta. Har gobe a Barazil ana kiranta takobin Ogun ko takobin Waliyyi George, ana dasa ta a bakin ƙofa da imanin tana korar mugun ido. A nan ma za ka ji wasu na cewa tana korar maciji daga gida. Wannan camfi ne kawai, maganin maciji shi ne share ciyawa da toshe ramuka.

YADDA TA HAYE TEKU

A ƙarni na 18 dangin moda sun riga sun shiga lambunan Turai. A 1794 wani masanin tsirrai ɗan Suwidin mai suna Carl Thunberg ya sa wa dangin gaba ɗaya suna Sansevieria, domin girmama wani basarake na ƙasar Italiya. Ku duba fa, shukar Afirka, mai raɗa suna ɗan Suwidin, wanda aka yi wa takwara ɗan Italiya.

A wancan lokaci ɗaukar shuka mai rai a jirgin ruwa babban aiki ne, domin gishirin teku da ƙarancin ruwan sha suna kashe mafi yawansu a hanya. Wani likita a Landan mai suna Nathaniel Ward shi ya gano cewa idan aka rufe shuka cikin akwatin gilashi, ruwan da ke ciki zai riƙa zagayawa, ta yi watanni ba a ba ta ruwa ba. A 1833 aka gwada akwatin daga Ingila zuwa Ostireliya, shuke-shuken suka isa da ransu. Daga nan ƙofa ta buɗe. Turawa suka kafa lambunan gwaji a ƙasashen da suka mallaka, suna aika iri zuwa babban lambun Kew da ke Landan, shi kuma yana rarrabawa. A nan Legas an buɗe irin wannan lambu a Ebute Metta a 1887, zamanin Gwamna Moloney. Abin da suke nema a lokacin shi ne abin kasuwa, kamar roba da koko da kofi da zaren igiya, domin jiragen ruwansu suna cin igiya ba kaɗan ba.

Abin mamaki, modar tamu ba a Afirka aka yi mata rajistar sunan kimiyya ba. A Indiya ne, inda aka riga aka kai ta ana shukawa a lambuna. David Prain, wanda yake shugabantar lambun gwamnati na Kalkata, shi ya rubuta ta a 1903 da sunan Sansevieria trifasciata a cikin littafinsa na tsirran Bengal.

Mai ratsin ruwan ɗorawa kuwa daga Kwango ta fito. Wani malamin aikin gona ɗan Beljiyam mai suna Emile Laurent ya yi tafiye-tafiye a Kwango yana tattara tsirrai, a zamanin da ƙasar take mallakar Sarki Leopold na Biyu shi kaɗai, zamanin da aka gallaza wa mutanen ƙasar azaba saboda roba. A yankin Stanleyville, garin da yanzu ake kira Kisangani, aka samo modar da gefen ganyenta yake da ratsi. Shi Laurent bai koma gida da ransa ba, ya rasu a cikin jirgin ruwa a hanyar komawa a 1904. A wannan shekara abokin aikinsa De Wildeman ya sa wa shukar sunan laurentii domin tunawa da shi. A 1915 wani masani na Kew, N. E. Brown, ya bi diddigin dangin duka, ya nuna cewa mai ratsin da marar ratsin abu ɗaya ne, launi ne kawai ya bambanta su.

'YAR ƘARAMAR

Yanzu mun zo kan wadda ake ɗorawa a tebur. A 1939, a wani lambun sayar da fulawa mai suna Crescent Nursery a birnin New Orleans na Amurka, wani mai suna William Smith ya lura cewa a cikin dogayen moda wata ta fito da ɗa na daban. Maimakon ganyen ya miƙe sama, sai ya tsaya gajere yana zagaye kansa. Ba wanda ya ƙirƙire ta, ikon Allah ne, irin yadda a garken tumaki wani lokaci ake haifar ɗan da bai yi kama da uwa ko uba ba. Abin da mutum ya yi shi ne ya gani, ya ware, ya raina.

Amurka tun 1930 ta yi dokar da ta ba mutum damar yi wa sabon irin shuka rajistar mallaka, ta yadda tsawon shekara 17 ba mai yaɗa shi ya sayar sai da izninsa. A 1941 aka yi wa wannan gajeriyar moda rajista, mallakar ta koma hannun wani mai lambu na birnin Pittsburgh mai suna Sylvan Hahn, shi ya sa har yau sunanta Hahnii. A 1953 shi Hahn ɗin ya sake yin rajistar wata da ta fito daga cikinta mai faffaɗan ratsin ruwan zinariya, ita ce Golden Hahnii. Wa'adin waɗannan takardu ya daɗe da ƙarewa, yau kowa yana iya rabawa ya sayar. Amma a duba lissafin. Daga dajin Nijeriya da Kwango zuwa Beljiyam, zuwa Amurka, sannan ta dawo bakin titin Legas a cikin kaskon roba da sunan wani mutumin Pittsburgh.

A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu moda ta kusa komawa tsohon aikinta. Da Japan ta kama Filifin a 1942, Amurka ta rasa inda take samun zaren igiyar jiragen ruwanta, sai ma'aikatar gona ta ƙasar ta shiga gwajin noman moda a jihar Florida domin zare. Bayan yaƙi igiyar nailan da ta roba suka cika kasuwa, masu araha kuma ba sa ruɓewa, sai maganar ta mutu. Abin da ya kashe ta a Florida shi ya kashe ta a kasuwanninmu.

Sai kuma 1989, lokacin da hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, NASA, ta fitar da sakamakon wani gwaji ƙarƙashin B. C. Wolverton. An sa shuke-shuken gida cikin rufaffun akwatuna, aka ga suna rage wasu gurɓatattun sinadarai daga iska, kuma moda mai ratsi tana cikinsu. Daga nan ne maganar da masu sayarwa suke yi ta samo asali, wai tana tace iskar ɗaki. To amma akwati daban, ɗaki daban. A 2019 wasu masana biyu na Jami'ar Drexel, Cummings da Waring, suka sake duba irin waɗannan gwaje-gwaje, suka nuna cewa sai an jera shuka 10 zuwa 1,000 a kowace murabba'in mita kafin su yi aikin da shigar iska ta yau da kullum take yi wa gini. Saboda haka mai janareto a bakin taga kada ya dogara da tukunyar moda, ya matsar da janareton nesa da ɗaki. A 2017 kuma masana suka sauya mata gida a littafi, bayan binciken ƙwayoyin halitta ya nuna danginta, yanzu sunanta Dracaena trifasciata. Suna na ta sauyawa a wajensu, a wajenmu tana nan moda.

SIRRIN RATSIN

Akwai wani abu da duk mai son ya yaɗa ta ya kamata ya sani. Idan ka yanki ganyen moda ka soka a yashi, zai yi saiwa ya fito da ɗa. Amma idan mai ratsin ɗorawa ce, ɗan da zai fito kore ne zalla, ratsin ya tafi. Dalili shi ne shukar hawa-hawa ce, wani hawan yana da sinadarin da ke sa ganye kore, wani hawan ba shi da shi, kuma shi ne yake bayyana a matsayin ratsi. Sabon tsiro daga yankakken ganye yana fitowa ne daga koren hawan kaɗai. Hanyar da ratsin yake bin ɗa ita ce ta saiwa. A ƙarƙashin ƙasa moda tana da kakkaurar saiwa mai ruwan lemo da take rarrafe tana fitar da 'ya'ya a gefe, su ake rabawa. Ma'ana, masu ratsin nan da suka cika duniya, hannu da hannu aka yi ta raba su fiye da shekara ɗari, kamar yadda ake ɗibar wuta daga maƙwabta.

YADDA AKE KULA DA ITA

Abu na farko, ruwa shi ne ajalinta. Moda tana ajiye ruwa a ganye, kuma da rana takan rufe ƙofofin numfashinta sai da dare ta buɗe, kamar yadda abarba take yi, domin kada ruwan jikinta ya ƙone. Shukar da aka halitta haka ba ta son jiƙa kullum. Mu kuma a nan Kudu damina doguwa ce, Fatakwal tana samun ruwan sama fiye da milimita 2,000 a shekara, iskar ma kanta a jiƙe take. Saboda haka kafin ka ba ta ruwa, soka yatsa cikin ƙasar, idan da sauran danshi ka bar ta. Da damina tana iya yin mako uku ko wata guda ba ta nemi komai ba, da rani kuma kamar bayan mako biyu. Idan za ka zuba, zuba a kan ƙasa ta gefe, kada ka zuba a tsakiyar ganyen, domin 'yar ƙaramar tsakiyarta kamar kofi take, ruwa ya kwanta nan sai ruɓa. Alamar ruwa ya yi yawa ita ce gindin ganye ya yi laushi, ya yi wari, ka ja ya fito a hannunka.

Na biyu, tukunya da ƙasa. Ƙaramar tukunyar ƙasa mai huda a gindi ta fi ta roba, domin tana shan danshi. Kada ta fi shukar girma sosai. Jar ƙasar nan ta Kudu mai danƙo ba ta yi ita kaɗai, sai an haɗa ta da yashi mai tsakuwa kamar rabi da rabi, a ƙara ɗan dakakken gawayi da ruɓaɓɓen taki kaɗan. Idan ka sa faranti a ƙarƙashi, ka riƙa zubar da ruwan da ya taru, kada garin neman ado ka buɗe wa sauro gidan haihuwa.

Na uku, haske. Kore zalla tana jure duhun lungu, amma mai ratsi ta fi son haske, domin ratsin ba ya dafa wa shukar abinci, koren ne kaɗai yake aikin. A duhu launinta yakan dushe, ganyen ya saki. A ranar tsaka kuma ratsin yakan ƙone ya yi tabo. Bakin taga mai samun hantsi, ko baranda mai rufi inda ruwan sama ba ya dukanta, shi ne daidai. Lokacin hunturu a sa tsumma mai ɗanshi a goge mata ƙura. Idan ka ga wani farin ƙwaro kamar auduga a maƙale tsakanin ganye, goge shi da ruwan sabulu, ka maimaita bayan 'yan kwanaki.

Na huɗu, rabo. Idan 'ya'ya sun cika tukunya, zazzage ta gaba ɗaya, ka sa wuƙa mai tsabta ka yanke saiwar da ta haɗa ɗa da uwa, ka tabbata ɗan ya tafi da tasa saiwar. Bar shi a inuwa kwana ɗaya ko biyu bakin yankan ya bushe, sannan ka dasa, kada ka ba shi ruwa sai bayan kamar mako guda. Idan a cikin 'ya'yan wani ya fito kore zalla, ware shi a tukunyarsa, domin ya fi masu ratsin saurin girma, zai danne su.

Na biyar, a kiyaye yara da kyanwa. Ganyen yana da wani sinadari mai kumfa da ke sa tashin zuciya da amai da gudawa idan aka tauna. A ɗora ta inda hannun mai rarrafe ba ya kai. Cewa magabata sun yi magani da ita ba izni ba ne kowa ya dafa ya sha, su sun san kima, mu ba mu gaji wannan sanin ba.

ABIN DA YA RAGE MANA

Jama'a, ba na cewa a koma tufka igiyar moda, zamani riga ne. Kuma ba laifi ba ne mutum ya sayi tukunya a bakin titi, mai sayarwar ma abincinsa yake nema, ya kuma yi wahalar reno. Abin da yake damuna shi ne suna. A cikin labarin nan duka, an rubuta sunan wanda ya raɗa, da wanda ya ɗauka, da wanda ya yi rajista, da shekarar kowanne. Mutanen da suka fara gano cewa akwai zare a cikin ganyen, da waɗanda suka nuna wa baƙo inda take, ba a rubuta ko ɗaya ba. Abin da suka bar mana kalma ce guda, moda, wadda likita Bature ya rubuta a takarda a 1916. Ku gwada tambayar samarin unguwa, za ku samu masu sanin oja ikooko, za ku samu masu sanin sunan Turanci, amma masu cewa moda sai an tona.

Don haka ina roƙon duk wanda yake da tsoho a gida, musamman waɗanda suka taso a ƙauye kafin su gangaro Kudu, ya nuna masa shukar nan ya tambaye shi me suke ce mata a garinsu, da me suke yi da ita, ya rubuta ya ajiye. Wanda kuma tasa ta yi 'ya'ya, ya raba wa maƙwabci ɗaya da saiwarsa, ya faɗa masa sunanta da Hausa.

Allah ya ba mu sa'ar kasuwa, ya zaunar da mu lafiya da maƙwabtanmu. Sai mun haɗu a rubutu na gaba in Allah ya kai mu. Wassalam.